Rijiyoyin Sa-ido a Ƙasar Ogoni: Bin Sawun Man Fetur a Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Idan man fetur ya malala a ƙasa, abin da ido ke gani, wato baƙin tabo da busasshiyar ciyawa, shi ne mafi sauƙin gyara, domin wani kaso na man yakan tsiyaya ta cikin yashi har ya tarar da ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyin jama'a ke janyowa. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya zauna a samansa, yana sakin sinadarai masu narkewa kaɗan-kaɗan, su kuma su bi gangaren ruwan zuwa inda ba a taɓa ganin malala ba. Ɗaya daga cikin mafiya haɗari a cikinsu shi ne benzin, sinadarin da ke haddasa cutar kansar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha.

Hanyar gano wannan ɓoyayyiyar ɓarna ita ce rijiyar sa-ido, wato siririn burtsatse da ba a haƙa don sha ba. Ana zura bututu mai ƙananan tsage-tsage a ɓangarensa na ƙasa, a kewaye shi da yashi mai tsabta, sannan a toshe sama da yumɓu da siminti don kada ruwan sama ya sulala ciki ya gurɓata sakamako. Dole tsage-tsagen su ratsa daidai fuskar ruwan, domin idan aka nutsar da su can ƙasa, man da ke yawo a sama zai wuce ba a gan shi ba, rahoto kuma ya fito fes alhali guba na nan. Rijiya ɗaya ba ta nuna inda ruwa ya nufa, shi ya sa ake haƙa aƙalla uku a kwatanta matakin fuskar ruwansu. Wata a sa ta a tudu, inda gurɓata bai kai ba, wata a tsakiyar wurin malalar, wasu kuma a gangare, tsakanin wurin da gidajen mutane. Kafin a ɗebi samfur sai an zuƙe kwantaccen ruwan da ke cikin bututun, sannan a cika ƙaramar kwalba maƙil ba tare da ko kumfa ɗaya ba, a ajiye ta cikin ƙanƙara har ɗakin gwaje-gwaje, saboda benzin na saurin bin iska.

Ƙasar Ogoni a Jihar Ribas ta nuna amfanin wannan aiki. A binciken da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agustan 2011, an ɗebi ruwa daga rijiyoyin sa-ido 142 da aka haƙa musamman, kuma a Nisisioken Ogale da ke Ƙaramar Hukumar Eleme an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, yayin da benzin a rijiyoyin sha ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900. Wani abin da binciken ya bankaɗo, wanda ya fi waɗannan alƙaluma tasiri ga tsarin aiki, shi ne cewa babu shimfiɗar yumɓu marar yankewa a ƙarƙashin yankin, alhali an daɗe ana gyara ta hanyar juya ƙasar sama kawai bisa zaton yumɓun na tare mai. An daina haƙar mai a Ogoni tun 1993, amma gurɓatar ba ta san da haka ba.

Rahoton ya yi ƙiyasin shekara 25 zuwa 30 kafin muhallin ya farfaɗo, kuma a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin tsabtacewa da hukumar HYPREP ke gudanarwa. Gwaji ɗaya ba ya isa shaida a irin wannan wuri, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawa da damina ya sauka da rani, yana shafa mai a jikin yashi sama da ƙasa, ta yadda rijiyar da ta nuna sauƙi a watan Fabrairu za ta iya nuna akasin haka a Satumba. Sai an jera sakamakon shekaru ne ake bambance gubar da ke raguwa da wadda kawai ta matsa gaba zuwa unguwa ta kusa.