Sharuɗɗan Ɗaga Ƙarfe: Nasiha ga Samari da Masu Horar da Su

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a unguwannin biranenmu, idan ya bi ta bayan makarantun firamare ko kangwayen da ba a gama gininsu ba, da wuya ya rasa jin ƙarar ƙarfe na dukan ƙasa haɗe da nishin samari, waɗanda suka rungumi wata al'ada da kakanninmu ba su san ta ba, wato ɗaga ƙarfe domin gina jiki. Masu hali suna biyan kuɗin wata a gidajen motsa jiki masu na'urori da manyan madubai. Marasa hali kuwa, da yake talauci bai hana dabara ba, sai su samo sandar ƙarfe daga wurin 'yan gwangwan, su cika gwangwanayen fenti biyu da kankare, su kafe su a bakin sandar nan dama da hagu, su kwanta rigingine a kan bencin da suka aro daga mai shayi, ɗaya yana turawa sama, sauran suna tsaye a kansa suna ƙirga masa.

Ban ɗauki alƙalami domin in zargi wannan al'ada ba, domin saurayin da ya zaɓi gumi a kan zaman majalisa ya cancanci yabo. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037 Miladiyya, da ya zo bayanin kiyaye lafiya a littafinsa Al-Ƙanun, abubuwa uku ya sanya ginshiƙai, wato motsa jiki da abinci da barci, motsa jikin kuwa shi ya fara ambata. Likitocin zamani sun zo da hujjar da ta gaskata shi. A shekarar 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan, inda ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi, ciwon zuciya bai cika kama su kamar direbobin da ke wuni a zaune ba, alhali mota ɗaya suke ciki, hanya ɗaya suke bi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, tana kira ga kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka a kwana biyu ko fiye.

Illar da nake gani ɗaya ce, ita ce gaggawa, kuma asalinta rashin sanin yadda Allah ya tsara girman tsoka. Samari da yawa sun ɗauka cewa a lokacin da suke tura ƙarfe ne damtse ke girma, domin suna ganinsa ya kumbura a madubi, alhali kumburin nan jini ne ya taru, ba ya daɗewa zai sace. Haƙiƙanin al'amari shi ne ɗaga nauyi yana gajiyar da zaruruwan tsoka, yana ma yi musu 'yan raunukan da ido ba ya gani, sa'an nan idan mutum ya koma gida ya ci abinci ya yi barci, jiki ya shiga ɗinke su, yana ƙara musu kauri kaɗan domin su iya da nauyin gobe. Wannan ɗinki yana cin kamar kwana biyu, shi ya sa masana suke hana a matsa wa tsoka ɗaya kullum ba hutu. Har wa yau, ƙarfin da sabon shiga yake ji ya ƙaru a makonnin farko galibinsa ba daga girman tsoka ya zo ba, ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi suka koyi aiki tare. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsokar jinkirin ƙarfafa, saboda haka wanda ya ruɗu da ƙarfin nan na farko ya ninka nauyi, a kafaɗa ko gwiwa ko gadon baya zai biya bashin. Magani shi ne tadriji, wato a riƙa ƙari kaɗan-kaɗan, ba a ƙara ba sai nauyin da ake kai ya zama ana ɗaga shi daidai, ba karkacewa ba fizga.

Na ga abin da sauri ya haifa da idona. Wani yaro ɗan maƙwabcinmu, wanda bai wuce shekara ashirin ba, ya shiga wani gidan motsa jiki ana tsakiyar zafin bazara, kuma tun a ranar farko, don kada a raina shi, ya biye wa waɗanda suka shekara suna yi, ya yi ta tsuguno da tashi da nauyi a kafaɗa har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Bayan kwana biyu mahaifinsa ya same ni da damuwa, ya ce, "Malam, zo ka ga yaron nan, cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri kamar itace, fitsarinsa kuma ya koma kamar baƙin shayi." Da muka kai shi asibiti likita ya bayyana mana cewa tsokar ce ta farfashe fiye da kima, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, ƙoda kuma tana neman toshewa wajen tace shi. Kwanaki ya yi ana ƙara masa ruwa kafin Allah ya tashi kafaɗunsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yaron ya koka wa mai horar da shi tun da farko, amsar da ya samu ita ce, "Haba ƙanena, ai namiji ba ya raki, tsamin jiki ne kawai." Tsamin jiki na al'ada yakan zo washegari, ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, ya wuce da kansa. Amma ciwon da ya zo da kumburi mai tauri da baƙin fitsari, wannan ba a kwana da shi a gida.

Daga gaggawa kuma ake faɗawa cikin babban bala'i, wato neman jiki a kantin magani. Wasu suna yi wa kansu allurar sinadarin mazakuta, wanda likitoci ke kira testosteron, ko suna haɗiyar ƙwayoyin danginsa. Kuma gaskiya ne tsoka tana girma da su, sai dai idan jiki ya ga ana kawo masa sinadarin daga waje yakan daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har a rasa haihuwa, nono ya fito wa namiji, hanta da zuciya kuma su illata a ɓoye. Wasu kuma suna shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai deksametason a cikinsu, maganin da idan aka daɗe ana sha ba da umarnin likita ba yake tara kitse a fuska da ciki, ya narkar da tsokar hannu da cinya, ya raunana ƙashi, ya tayar da sukari. Ke nan mai shansa yana rushe ainihin abin da ya fito ginawa. Mai shan tiramol don kada ya ji ciwo kuwa, ya kashe mai gadin da Allah ya sanya masa ne, domin ciwo shi ke gaya wa mutum ya tsaya.

Abin da jiki ke bukata yana nan a kasuwarmu, kuma bai kai gwangwanin garin gina jiki da ake shigowa da shi daga waje tsada ba. Masana sun ƙiyasta cewa mai ɗaga ƙarfe, kimanin giram 1.6 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa ya wadatar da shi a wuni, wato mai kilo 60 yana neman abin da ya kusa giram 100. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, sauran kuma sai a cike da wake da awara da ƙuli-ƙuli da kifi da nono, a rarraba su safe da rana da dare. Barci kada ya gaza awa bakwai, kuma saurayin da ya raba dare yana latsa waya ya tashi da asuba ya nufi ƙarfe, ya zalunci jikinsa ta fuska biyu. A lokacin zafi a yi aikin da sanyin safiya, a sha ruwa kafin a fara da kuma ana cikin yi; a watan azumi kuma a rage nauyi, a mayar da aikin bayan buɗa-baki.

Sauran maganata ga masu horarwa ce, domin su ne aka damƙa wa amanar jikin 'ya'yan mutane, kuma girman damtse ba ya zama ijazar koyarwa. Wajibi ne ga koci, kafin ya miƙa wa baƙo ƙarfe, ya tambaye shi shekarunsa, da ko yana da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon sikila ko asma, da ko ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi aikin wahala. Wanda ya amsa da e, a tura shi wurin likita tukuna. Magidancin da ya haura arba'in ya zo rage tumbi, a koya masa fitar da numfashi yayin da yake tura nauyi, domin riƙe numfashi da yunƙuri yana harba jini sama nan take, kuma a gaya masa gaskiya cewa atisayen ciki shi kaɗai ba ya narkar da kitsen ciki, sai an haɗa da tafiya da rage ci. Ina roƙon kowane mai horarwa, don girman Allah, ya bar sabon shiga ya yi makonninsa na farko da sanda marar nauyi har hannunsa ya faɗa, kuma idan yaro ya ce masa ga inda ke yi masa ciwo, ya sauke masa ƙarfen ya saurare shi.