Tanadin tasi daga filin jirgin Legas: abin da manhaja take buƙata daga gare ka

Yawancin matafiya suna ɗauka da zarar sun danna maɓallin tsara tafiya a Uber ko Bolt, to mota ta samu ke nan. Amma a wasu manhajojin, abin da aka ajiye maka lokaci ne kawai. Sai saura 'yan mintuna sannan manhajar ta fara neman direban da ke kusa. Idan jirginka ya yi jinkiri, direban zai jira kaɗan ya soke, ka fito cikin dare kana ciniki da masu tasi da suka ga alamar baƙo ne kai.

Abu na farko shi ne tashar sauka. Filin jirgin Murtala Muhammed yana Ikeja, kuma jiragen cikin gida daga Kano ko Abuja suna sauka ne a MMA2 ko GAT, gwargwadon kamfanin jirgin. Tashar jiragen ƙasashen waje kuwa tana wani ɓangaren daban. Duba tikitinka, ka rubuta sunan tashar, kada ka tsaya ga “Lagos Airport” kawai.

Na biyu, lambar jirgi. Kamfanin da ya nemi lambar zai iya bibiyar saukarka ya gyara lokacin ɗauka. Idan direban otal ne, tura masa lambar ya riƙa dubawa a Flightradar24. Ka kuma tambaya tun wuri ko kuɗin ajiye mota da na jira suna cikin farashin.

Na uku, hanya. Mai zuwa Victoria Island ko Lekki galibi gadar Third Mainland zai bi, mai tsawon kilomita 11.8. Cunkoson shiga tsibirin ya fi tsanani da safe, don haka kada ka sa ganawa dab da lokacin saukarka.

Duk wannan shiri a waya yake. Sauke taswirar Legas a Google Maps tun kana gida, ka ɗauki hoton allon bayanan direba saboda matsalar data. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi: mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, ƙasa da iyakar 100Wh da jirage suka yarda da ita.

Kafin ka buɗe ƙofa, gwada lambar motar da wadda ke manhaja, ka bar direban ya fara faɗin sunanka, sannan ka tura wa wani ɗan'uwa mahaɗin bibiyar tafiyar.