Ruwa da fetur ba sa zama wuri ɗaya: jan kunne ga masu lodin Tchibarakaten

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki ga masu lodin motocin da ke tashi daga Arlit zuwa mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta ba kara. Ita ce cusa ruwan sha da fetur da abinci da ƙarafan aiki wuri guda a bayan Hilux ko Land Cruiser, a ja tamfol a rufe, a zarga igiya, sannan a ce mutane su hau sama. Wanda ya riga zuwa tasha kayansa ne a ƙasa, wanda ya makara nasa ne a sama, ko da na ƙasan buhun gari ne, na saman kuma jarkar gazuwal. Ba a duba nauyi, ba a duba haɗari. Gurbi kawai ake nema, inda ya samu nan za a tura.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Mota za ta iso bayan doguwar tafiya, a kwance igiya, a ɗaga tamfol, sai wari ya bugi hanci. Bakin ƙarfen fasa dutse ya kwana yana goga cikin wata jarka har ya huda ta, man ya bi ƙasan bodi ya jiƙe buhunan shinkafa da sukari. Mai kaya ya kama direba, direba ya kama karen mota, karen mota ya rantse da Allah shi yadda aka ba shi haka ya jera. A ƙarshe a shanya shinkafar a rana a dafa ta haka nan, domin a can ba wanda ke zubar da abinci. Mutane su ci, ciki ya murɗa, kai ya yi ciwo, a ce ai canjin ruwa ne. Ba canjin ruwa ba ne, ganganci ne.

Tun da aka gano zinariya a wurin a shekarar 2014, jim kaɗan bayan ta Djado, kusan duk abin da ɗan Adam ke buƙata a Tchibarakaten a mota yake zuwa. Da hukuma ta rufe Djado a 2017, jama'a suka ƙara kwararowa. Tchibarakaten tana can kusa da iyakar Aljeriya, ɗaruruwan kilomita daga Arlit, kuma kwalta a Arlit ta ƙare. Daga nan sai duwatsu da yashi da gargada mai kwance ƙusa. Zinariyar kuma a cikin dutse take, sai an haƙa rami mai zurfi, shi ya sa lodin ba ya rabuwa da janareto da kwamfureso da guduma da diga. Ƙarfe mai kaifi ke nan, a bodi ɗaya da robar ruwa. Wanda ya yi wa motarsa lodi kamar zai sauke a Kasuwar Dole ta Zinder bai fahimci inda ya dosa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun jarka. Jarkar nan ruwan ɗorawa mai lita 25, wadda asalinta ta man girki ce, ita ake zuba wa ruwa, ita ake zuba wa fetur, ita ake zuba wa gazuwal. Kama ɗaya, murfi ɗaya, ba alama ko ta gawayi. A jera su kafaɗa da kafaɗa, da dare yaro ya laluba ya ɗauko ɗaya ya kafa kai. Ko kuma a ɗauki wadda ta sha fetur jiya, a ɗauraye da omo a cika da ruwa yau. Roba tana shan mai, kuma ba wankin da zai fitar da shi duka. Da rana ta buga ta, ruwan zai ɗauki wari da ɗanɗano, a wayi gari da jarka cike amma ba abin sha. Ƙyalle ja nawa yake? A ɗaura ja a hannun kowace jarkar mai, a ɗaura farin ƙyalle a ta ruwa, kuma wadda ta taɓa ɗaukar mai ta zama ta mai har ta mutu. Idan tsautsayi ya sa wani ya haɗiyi fetur, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro. Amai yana mayar da man cikin huhu, can kuma ya fi yin illa. A zaunar da shi inda iska ke kaɗawa, a nemi ma'aikacin lafiya.

Ba sai an tuna wa mutumin Agadez darajar ruwa a hamada ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92, galibinsu mata da yara, a arewacin Arlit kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Wanda ya san wannan labari, da wane ido zai jingina tanon ruwansa da bakin diga? Kada kuma a tara ruwan duka a mazubi ɗaya. A rarraba shi, in ɗaya ta fashe saura su tsira.

Maganin bai fi ƙarfin kowane mai mota ba: shamaki ne. A je wurin mai walda ya liƙa ƙarfe mai kwana, biyu biyu, a jikin bodi dama da hagu, yadda za a zura katako mai kauri a tsakaninsu daga wannan gefe zuwa wancan. A yi haka wuri biyu, bodi ya rabu ɗaki uku. In an tashi ɗaukar dogon kaya a zare katakon, in an gama a mayar. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafar da mai zai ɓata a tafiya ɗaya ba.

Ɗakin gaba, wanda ke manne da gidan direba, na ruwa ne da duk abin da ya fi nauyi. Ɗakin tsakiya na abinci ne da kayan sawa, kuma a shimfiɗa katako a ƙasa ya ɗaga buhuna daga ƙarfen bodi, domin ko wani abu ya zuba ya bi ta ƙarƙashi. Ɗakin baya, kusa da murfi, na jarkokin mai ne, a tsaye, baki a sama, da kwali ko tsohon bargo a tsakaninsu don kada su goga juna. A nan in ɗaya ta tsiyaye waje za ta zuba, in kuma wani abu ya taso ita ce farkon jefarwa. Shamakin da ke tsakanin mai da abinci ya sauka har ƙasa, a bi gindinsa da robar tsohon tiyub. Katakon da ya bar tazarar yatsa biyu a ƙasa ado ne kawai, mai zai wuce abinsa. Su kuwa diga da shebur da bakin ƙarfen fasa dutse, a haɗa su dami guda, a naɗe bakinsu da buhu, a kwantar da su a gefe a ɗaure da jikin bodi.

Kada wani ya ɗauka shamaki laya ne. Yana hana kaya gudu da goga juna, ba ya hana wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin tamfol yana jiran tartsatsi. A lokacin zafi, da ma'auni ke haura digiri 40, mai yana kumbura, saboda haka jarkar da aka cika har baki ko ta yi tsartuwa ko ta tsage. A bar mata sarari kaɗan a wuya. Idan za a zuba mai, a sauke jarka ƙasa tukuna, kada a cika ta a kan bodi. Batir ɗin da aka ɗora ba rufi, sifana ɗaya ta faɗa kan kawunansa ta isa ta ba da wuta. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye a ɗaure, nesa da mai. Sai kuma 'yan shayi. Za a tsaya hutu a hura gawayi, da an ji hon sai a zazzage murhun sama sama a soke shi a gefen kaya da sauran garwashi. Wani ma yana zaune a kan lodi da sigari a baki, ƙafafunsa na lilo a kan jarkar fetur. In ka yi magana ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma malamai sun sha gaya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Akwai kayan da ko shamaki goma aka yi ba su da wuri a motar da ta ɗauki mutane da abinci. Nakiyar fasa dutse da abin tayar da ita ba a haɗa su mota ɗaya, balle jaka ɗaya. Zaiba da ake kama zinariya da ita, in kwalbarta ta fashe, takan shige kowane tsagi na bodi ta yi ta ba da tururin da ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Sinadarin siyanid kuwa in ya haɗu da ruwan batir yana fitar da iska mai kisa nan take. Wanda zai yi jigilar mai da tano, ya ware wa man motarsa, kada ya ɗora ɗan kowa a kai.

Batun nauyi lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Abin da aka ƙera Hilux ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da direba da na gidan gaba. Tano biyu na ruwa masu lita 200 kilo 400 ne. Jarka goma ta gazuwal ta haura kilo 200. Buhu huɗu masu kilo 50, wani 200 ɗin. An kai 800 ba a ɗora janareto ba, ba a ɗora mutum ko ɗaya ba. To a ƙara mutum goma a sama a gani. Sifirin ya miƙe, taya ta yi zafi, ga shi an rage mata iska saboda yashi. In nauyin ya taru a bayan tayoyin baya, gaba ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana. In ya taru a sama, gangara kaɗan ta isa ta kifar da mota. Tanon da aka cika rabi ma matsala ne, ruwan cikinsa yana tangaɗi yana jan mota gefe. A dawowa da buhunan dutse doka ɗaya ce: mai nauyi ƙasa, mai nauyi gaba, dama da hagu daidai.

Kakanninmu da suka bi ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma ba su san kilo ba, amma madugu ba ya barin raƙumi ya tashi da kaya a karkace. Kantu a wannan gefe, kantu a wancan, salka a rataye inda ba abin da zai soke ta, kuma kowace safiya a sake duba ɗauri. Mu da muka samu inji sai muka yar da wannan hankali.

Ɗauri ma ana wasa da shi. Robar tiyub da ake ja a kan kaya tana miƙewa, ba ta riƙe tano. A samu bel mai ƙugiya ko igiya mai kauri, a ɗaure kowane ɗaki daban, kafin a ja raga ko tamfol a kan duka. Da an yi tafiyar sa'a guda a kan gargada kaya sun zauna, igiya ta saki, saboda haka tsayawar farko ta ƙara ɗauri ce. Jak da safaya da shebur da abin kashe gobara da ruwan da za a sha a hanya su kasance inda hannu zai kai. Ayarin da ke tafiya da rakiyar sojoji ba zai tsaya jiran wanda ya binne jak ɗinsa a ƙarƙashin buhu ashirin ba, kuma kowa ya san hanyar ba ta rasa 'yan fashi.

Laifin bai tsaya kan karen mota ba, ko da yake shi ake zagi. Mai mota da ke son kuɗin tafiya biyu a tafiya ɗaya yana ciki. Ɗan kamasho da ke karɓar kaya bayan lodi ya cika yana ciki. Direban da ke shan shayi a rumfa ana yi masa lodi, bai leƙa ba sai da aka ɗaure, shi ne babba. Fasinja ma da ya ga jarkar mai a kan buhun abinci ya yi shiru don kada a ce ya cika surutu, ya sani cikinsa ne zai biya. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi suna da ikon da za su ce motar da ba ta raba mai da ruwa ba ba za ta shiga layi ba. Su faɗa, su kuma tsaya a kai. Kai kuma mai niyyar tafiya, kafin ka miƙa kuɗin mota, zagaya bayanta ka tambayi inda ruwa yake da inda mai yake. In aka nuna maka wuri ɗaya, ɗauki jakarka ka jira ta gaba.