Binciken Kwantena a Bakin Teku da Zaman Lafiyar Yammacin Zamfara

Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum yana iya ɗauka cewa babu abin da ya haɗa shi da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Alhali kuwa magani da babur da injin niƙa dutsen zinariya, yawancinsu ta teku suke shigowa, a cikin manyan akwatunan ƙarfe, watau kwantena. Ƙofar da alheri ke bi kuwa, ita sharri ke nema.

A watan Oktoba na 2010 aka kama kwantena 13 a Apapa, waɗanda aka yi lodinsu a Iran. Takarda ta ce kayan gini ne, da aka buɗe sai ga rokoki da gurneti. A watan Satumba na 2017 ma'aikatan kwastan suka kama bindigogi 1,100 a tashar Tin Can. A 2024 kuma aka kama bindigogi 844 a Onne.

Ba shi yiwuwa a buɗe kowace kwantena, don ciniki zai tsaya cik. Saboda haka binciken hawa uku ne. Da fari a duba takardu: wane ne ya aiko, daga wace ƙasa, wa zai karɓa. Sa'an nan wadda aka yi shakkarta a ratsa da ita ta na'urar haske mai nuna hoton abin da ke ciki. In hoto ya saɓa wa takarda, sai a karya hatimi a sauke kaya, a duba da hannu. Wannan tsari ya ƙara ƙarfi a duniya bayan harin 11 ga Satumba, 2001, a Amurka, har Hukumar Kwastan ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta a 2005.

Lalle makaman da ke dazuzzukan Zamfara suna da wata hanya ta tudu, musamman tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Amma tun da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024, bakin teku ya matso kusa da Gusau. Na'ura tana nuna hoto ne kurum. Hukuncin abin da aka gani yana hannun ma'aikaci. In ya riƙe amana, manomin Bukkuyum ya sami sauƙi. In ya sayar da ita, wanda bai taɓa ganin teku ba shi zai biya.