Ina Mai Keke Zai Bi a Briqueterie?

Duk wanda ya bi babban titin unguwar Briqueterie da ke Yawunde bayan la'asar ya san gefen titin ya fi tsakiyarsa hada-hada. Mai tsire na hura gawayi, tela ya jawo keken ɗinkinsa bakin ƙofa don ya samu haske, mai shadda da atamfa ya rataye hajarsa. Tasi mai ruwan ɗorawa ta ci burki ba zato don direba ya ji an kira sunan unguwar da za shi, ɗan bensikin, wato ɗan acaba, ya kurɗa tsakaninta da lambatu, mai amalanke na bayansu yana neman hanya. Ranar Juma'a kuwa sahu kan fito daga babban masallaci har bisa kwalta. A duk wannan taro, mai keke ne kaɗai za ka daɗe kana dubawa ba ka gani ba.

Idan ka tambayi dalili, amsar da ke bakin kowa ita ce tuddai. Gaskiya ne, Yawunde gari ne na hawa da gangara, shi ya sa ake masa kirari da birni mai tsaunuka bakwai. Amma tudu ba shi ne dukan labarin ba. Da yawa daga cikin mutanen wannan unguwa tushensu Marwa ne, ko Garwa, ko Kano, inda keke abin hawan malami ne da ɗalibi da ɗan kasuwa. Uban da ya yi karatunsa a kan keke a Marwa ba zai yarda ɗansa ya hau shi daga nan zuwa kasuwar Mokolo ba, alhali tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Tsoro ne ya hana shi, kuma tsoron yana da hujja. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in an auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba.

Ga kuma aljihu. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, bayan shekara guda ta kai 840, kuɗin tasi na rana ya bi ta ya zama 350. Wanda ke zuwa aiki ya dawo kwana 26 a wata, ko da tasi ɗaya ce ke kai shi, zai kashe sefa 18,200. Mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan ya tafi a hanya, ba a yi maganar haya da cefane ba. Motocin safa na gari kuma ba su taɓa ɗorewa ba: kamfanin SOTUC ya rufe a 1995, waɗanda suka gaje shi su ma suka bi sahu. Ga yaron shago da ɗan makaranta da mai kai saƙo, keke na iya zama bambancin tsakanin albashin da ya kai ƙarshen wata da wanda bai kai ba.

Maganin tsoron nan shi ne hanyar keke mai kariya. To mece ce ita? Wani yanki ne na titi da ake warewa, a sa abu mai tauri tsakaninsa da motoci: dakalin kankare, ko jerin tubalan siminti, ko tukwanen shuka masu nauyi. Layin fenti kawai ba ya cikin wannan lissafi, domin direban da ke neman fasinja ba ya ganin fenti. Sandunan roba ma birane da dama sun gwada su, sun ga ba sa daɗewa a inda motoci ke neman wurin tsayawa. Faɗin da masana ke so shi ne kamar mita 2 idan hannu ɗaya ce, mita 3 idan ana zuwa ana dawowa, yadda mai sauri zai wuce mai ɗauke da kaya ba tare da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne mahaɗa. A miƙaƙƙen titi dakali ya raba kowa da kowa, amma a wuri irin shataletalen Warda dole hanyoyi su sarƙe. Mota za ta karya dama, mai keke yana son ya miƙe, direba kuma bai gan shi ba saboda yana ta gefen da madubi ba ya kamawa. Maganin da injiniyoyin Holan suka daɗe da samowa shi ne a gina ɗan tsibirin kankare a kusurwa, wanda zai tilasta wa mota ta rage gudu kafin ta juya, a kuma ja mashigar keke baya kaɗan, yadda direba zai tarar da mai keken a gabansa, ido da ido. Rage gudun nan shi ne ƙashin bayan komai. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana bugu da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 30 sau huɗu, ba sau biyu ba. Saboda haka ne ake ba da shawarar kada a wuce 30 a duk titin da mutane da motoci ke cuɗanya, kuma titunan Briqueterie duk irinsu ne.

An yi a wasu wurare an ga amfani. Birnin Sabiya na ƙasar Sifen ya shimfiɗa kimanin kilomita 120 na irin wannan hanya tsakanin 2006 da 2010, masu hawa keke suka ninka sau da yawa. Sirrinsu shi ne sun haɗa hanyoyin da juna, ba su yi guntu nan guntu can ba, kuma yawancin filin daga wurin ajiye motoci suka ɗebo shi. Adis Ababa ta buɗe ta gwaji mai tsawon kusan kilomita 3 tsakanin Jemo da Lebu a 2020. Sai dai Sabiya gari ne shimfiɗaɗɗe, Yawunde kuwa dole ta yi nata tunanin. Abin da ya dace da ita shi ne bin kwari. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka duk inda kogin Mfoundi da rafukan da ke zuba cikinsa suka bi, nan ne hanya mafi sauƙi ga ƙafar mai keke. Daga Warda zuwa tsakiyar gari babu wani hawa na a zo a gani. Ragowar tuddan kuma keke mai giya yana rage musu kaifi, mai batir ya fi.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: daga ina za a samo mita ukun nan? Mutanen Yawunde ba su manta rusau ɗin da aka yi a unguwar Ntaba a 2008 ba, zamanin da Gilbert Tsimi Evouna ke shugabancin birnin, don haka da zarar an ce gyaran titi, gaban talaka sai ya faɗi. Idan hanyar keke za ta zo da katafila, ta kori mai tsire da tela da mai shayi, to gara kada ta zo. Waɗannan mutane su ne Briqueterie. Saboda tsirensu da ɗinkinsu ake tahowa daga kowace kusurwa ta gari, kuma fitilunsu ne ke sa mace ta bi titin da dare hankalinta kwance. Filin yana nan a wasu wurare biyu. Na farko, motocin da ke kwana su wuni a bakin titi, kowace ta mamaye wurin da keke takwas zuwa goma za su tsaya. Na biyu, lambatun da ke buɗe. A rufe shi da faifan kankare masu ɗaguwa don a riƙa yashewa, sai ga hanyar ƙafa ta samu, yaro ya daina faɗawa ciki idan ruwan Oktoba ya cika shi ya ɓoye bakinsa. Ni a ganina ma da wannan ya kamata a fara. Muddin mai tafiya a ƙasa ba shi da tasa hanyar, ta keke zai bi, kuma ba mai ganin laifinsa.

Sai 'yan bensikin. Duk wanda ya zana hanyar keke a garin nan bai zauna da su ba, ya zana musu hanya ce. Babur na shiga duk inda keke ya shiga, kuma ba za a ajiye ɗan sanda a kowace kwana ba. Abin da zai yi aiki shi ne a ba su tashoshinsu na kansu a bakin kowace mahaɗa, a ware wa tasi wurin sauke fasinja, a ba 'yan kasuwa lokacin sauke kaya da sassafe, sannan a ɗora wa shugabannin ƙungiyoyinsu alhakin tsawatar wa nasu. Mai amalanke kuwa a bar shi ya bi hanyar keken, gudunsu ɗaya, haɗarinsu ɗaya. Ranar Juma'a a rufe sashen titin da ke gaban masallaci na awa biyu, kamar yadda jama'a suka saba.

Ba daga sama wannan magana ta faɗo ba. Tun 2019 hukumar birnin Yawunde ta kammala tsarinta na zirga-zirga mai ɗorewa, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai, kuma a cikinsa akwai layin manyan motocin safa daga Olembe a arewa zuwa Ahala a kudu. Irin wannan layi ba ya shiga lungu. Dole fasinja ya iso tasha da ƙafarsa ko da kekensa, kuma a nan ne unguwa irin Briqueterie, wadda ke manne da tsakiyar gari, za ta ci riba ko a tsallake ta.

Don haka kira na ga sarakunan unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa: kada ku jira sai an zo da zane an manna. Ku je ofishin magajin garin Yawunde ta biyu a Tsinga, ku nemi a gwada sashe ɗaya na wata uku da tubalan da za a iya ɗagawa, a ƙirga masu wucewa da cinikin shaguna kafin da bayan gwajin, a karanta sakamakon a gaban jama'a. In ya yi kyau a zuba kankare, in bai yi ba a gyara. Amma rufe lambatu da rage gudun motoci a gaban makarantu da masallatai, wannan ba ya bukatar gwaji, a fara shi bana.