Ƙaramin Maus Na Gem Marar Waya: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Biya Kuɗi

Matashin da ya saba buga PUBG Mobile ko Free Fire da yatsu a fuskar waya, ranar da ya koma kan laftof yakan gane cewa sai da linzamin kwamfuta, wato maus, wasan zai yi daɗi. Idan ya shiga kasuwa, abin da mai shago zai fara nuna masa shi ne lambar DPI da ke jikin kwali da fitilu masu canza launi. Nan ne da yawa ke asarar kuɗinsu, domin waɗannan biyun ba su ne ke sa maus ya yi kyau ba.

DPI ba shi ne ma'auni ba

DPI na nuna nisan da kibiya za ta yi a allo idan aka motsa maus da inci ɗaya. Idan lambar ta yi yawa, ɗan motsi kaɗan sai kibiyar ta tsallake allo. Shi ya sa ƙwararrun 'yan wasan harbi galibi ke tsayawa tsakanin 400 da 1,600, ko da maus ɗinsu ya kai 12,000. Duk wanda ya ƙara kuɗi saboda babbar lamba ya sayi abin da ba zai yi amfani da shi ba.

Bluetooth ko ɗan makulli na USB?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci. Maus marar waya na magana da kwamfuta ta hanya biyu: Bluetooth, ko ɗan ƙaramin makullin da ake sokawa a ramin USB, mai aiki da zangon 2.4GHz. Maus na gem mai makulli yakan aika rahoton motsinsa sau 1,000 a daƙiƙa ɗaya, na Bluetooth kuwa yawanci kusan sau 125 ne. A wajen rubutu da lilo a intanet ba za a ji bambanci ba, amma a wasan da wanda ya riga harbi ke cin nasara, jinkirin yana bayyana.

Sai dai makullin yana da sharaɗi. Ramin USB 3.0 na iya katsalandan ga zangon 2.4GHz, musamman idan an soka filash a kusa. Idan kibiya ta fara tsalle-tsalle, a mayar da makullin wani rami, ko a matso da shi kusa da maus.

A auna hannu tukuna

Ƙaramin maus ba na kowa ba ne. A ɗauki rula a auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Wanda tsawon hannunsa bai wuce santimita 17 ba zai fi jin daɗin ƙarami. Haka ma mai riƙe maus da kan yatsu kawai. Amma mai babban hannu da ke kwantar da tafinsa gaba ɗaya a kai, ƙaramin maus zai gajiyar da shi cikin awa ɗaya ko biyu.

Misalai biyu da suka yi suna

Logitech G305, wanda ya fito a 2018, tsawonsa kusan santimita 11.7 ne, nauyinsa giram 99. Batir AA ɗaya yake ɗauka, kuma kamfanin ya ce yana kai awa 250. Ba shi da Bluetooth, da makulli kawai yake aiki.

Razer Orochi V2 na 2021 ya fi shi ƙanƙanta: kusan santimita 10.8, nauyinsa giram 60 kafin a sa batir. Yana karɓar AA ko AAA, kuma yana da Bluetooth da makulli duka, don haka zai yi aiki da waya da laftof.

A inda wutar NEPA ba ta da tabbas, maus mai batir na cirewa yana da wata fa'ida: idan ya ƙare, shagon unguwa ya wadatar, ba sai an jira caji ba.

Mai son haɗawa da waya ya yi hattara

Wayoyin Android na karɓar maus ta Bluetooth ko ta mahaɗin OTG, kodayake a wasu sai an kunna OTG a saiti. Amma karɓar maus daban, yardar wasan daban. Yawancin gem na waya don yatsu aka yi su, kuma manhajojin da ke mayar da motsin maus ya zama taɓa allo na iya jawo a rufe asusun da mutum ya daɗe yana ginawa. Hanya mafi aminci ita ce GameLoop na kamfanin Tencent a kan kwamfuta, inda PUBG Mobile ke haɗa mai wasa da 'yan'uwansa masu maus.

Jabu ya yi yawa

G304, wato sunan G305 a kasuwannin Asiya, na cikin waɗanda aka fi kwaikwayo. Kwalin da tambarin duk iri ɗaya ne, kayan ciki ne na banza. Gwajin ba shi da wahala: a je shago da laftof mai ɗauke da manhajar G HUB, ko Synapse idan na Razer ne. Na gaske, manhajar za ta gane shi ta nuna sunansa. Idan ba ta gane shi ba, ko mai shago ya hana a gwada, gara a riƙe kuɗin a nufi shago na gaba.