Dillancin gidaje a Zangon Kwatano ya koma cikin waya

A da, jarin dillalin gidaje a Zangon Kwatano, kusa da unguwar Saint-Michel, ƙafa ce da baki da sanin mutane. Mai neman haya zai hau kabu-kabu ya bi shi lungu-lungu har a dace. Yanzu dillali kan ɗauki bidiyon ɗaki da bayi da mitar wuta, ya tura ta WhatsApp, kuɗin kafin alƙalami kuma ya shigo ta MTN MoMo ko Moov Money.

Cinikin fili ma ya sauya. Dokar filaye ta ƙasar Binin ta 2013 ta kafa hukumar ANDF, wadda ke tattara bayanan filaye a kwamfuta, masu awo kuma suna aiki da GPS. Don haka dole dillali ya iya karanta takardar mallaka da Faransanci, ya duba taswira, ya tantance mai fili na gaskiya kafin a biya ko sisi, domin 'yan damfara ma sun iya tura hoto.

Abin da na'ura ba ta maye gurbinsa ba shi ne amana. Matashin da ya haɗa ta da sanin waya da doka ba zai rasa ciniki ba.